Tarihin Shaliyafin, Mawaƙin Rasha, da Abokansa

Cikin mawaƙan Turai waɗanda sunansu ya kewaye duniya, da wuya a sami wanda ya kai Fiyodor Shaliyafin, mutumin Rasha. Sana'arsa ita ce irin waƙar nan da Turawa ke kira ofera. Watau wasan kwaikwayo ne, amma maimakon 'yan wasa su yi magana, sai su rera dukan abin da za su faɗa tun daga farko har ƙarshe, makaɗa masu yawa suna zaune a gaban dandali suna yi musu kiɗa. A wannan sana'a a kan rarraba maza bisa ga muryoyinsu, akwai masu siririyar murya, da masu matsakaiciya, da masu kaurin murya. Shaliyafin cikin na ƙarshen nan ya ke, kuma masana na zamaninsa sun sallama masa.

Ɗan talaka ne, bai yi karatu mai zurfi ba. Kowace daraja da ya taka, in an duba, akwai hannun wani mutum da ya ɗora shi a kanta: malami, da attajiri, da makaɗi, da masu zane, da marubuci. Waɗansu ya riƙe su har mutuwa ta raba, waɗansu kuwa aka rabu dutse a hannun riga. Labarin waɗannan mutane da abin da ya gudana tsakaninsu da shi, shi ne za a kawo a nan.

Asalinsa

An haife shi ran 13 ga Fabrairu, 1873, a birnin Kazan, bakin kogin Bolga, babban kogin nan da jiragen fatake ke bi da hatsi da katako da kifi. Ubansa ɗan manoma ne da ya koyi rubutu ya zama ƙaramin akawu, amma giya ta kan cinye albashin, sai uwar ta fita aikin ƙodago don a sami abin sa wa a baka. Tun yana ƙarami aka kai shi koyon ɗinkin takalma, daga nan aka mai da shi wajen masassaƙi, daga baya ya shiga kwafar takardu a ofis. Ko ɗaya bai zauna ba. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne rera waƙa cikin 'yan amshin majami'a, inda ya koyi karanta alamomin da Turawa ke rubuta kiɗa da su.

Cikin 1890, yana da shekara 17, ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa zuwa garin Ufa a matsayin ɗan amshi. Daga nan ya shiga yawo gari gari tare da ƙananan ƙungiyoyi, yau a ci, gobe a kwana da yunwa. Yana cikin wannan yawo uwarsa ta rasu cikin talauci, shi kuwa yana can nesa. Cikin 1892 ya faɗa Tiflis, birnin da a ke kira Tibilisi yanzu a ƙasar Jojiya, ba shi da kome sai rigar wuyansa. Da ƙyar ya sami aikin akawu a ofishin jirgin ƙasa.

Malaminsa

A Tiflis akwai wani mutum wai shi Dimitiri Usatof, tsohon mawaƙi ne na babban gidan wasan Bolshoi na Mosko, ya bar dandali ya zauna yana koyarwa. Shaliyafin ya riga ya yi niyyar barin garin, sai ya ga bari ya je wurin mutumin nan ya gwada sa'arsa tukuna. Da Usatof ya ji muryar saurayin, ya hana shi tafiya, ya ce zai koya masa ba da ko anini ba. Har ya nemo masa ɗan abin masarufi na wata wata daga wani mai son kiɗa, don kada yunwa ta kore shi.

Karatun bai tsaya ga murya ba. Usatof ya ga almajirinsa bai san tsabtar jiki irin ta birni ba, bai san yadda a ke zama a ci abinci cikin mutane ba. Ya kan gaya masa aibinsa ƙiri-ƙiri, ko da a gaban baƙi ne, har saurayin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sa'an nan ya ba shi tufafi, ya zaunar da shi a teburin gidansa kamar ɗa. Shi ne ya nuna masa cewa kowace kalma cikin waƙa tana da nata nauyi, ba ƙarfin murya kaɗai a ke nema ba. Shi ne kuma ya fara buɗe masa ayyukan Musorgiski, mai tsara kiɗan nan na Rasha wanda a lokacin mutane da yawa ba su san darajarsa ba. Karatun bai wuce kamar shekara guda ba, amma shi ke nan makarantar waƙa da Shaliyafin ya yi a duniya. Har ya tsufa, in an tambaye shi malaminsa, Usatof ya kan ambata, kuma cikin littattafan da ya bari ya bayyana alherinsa dalla-dalla, har da faɗan da ya sha.

Attajirin Mosko

Cikin 1895 aka ɗauke shi a gidan wasan sarki na Mariyinski, a birnin San Fitasbag. Gida ne babba, amma shugabanninsa ba su gane abin da ke hannunsu ba, ba su ba shi wurin da zai nuna kansa sosai ba. Da bazarar 1896 sai aka gayyace shi waƙa a Nijni Nobgorod. Wannan gari ne na kasuwa, inda kowace shekara fatake daga Farisa da Buhara da sassan Rasha su kan haɗu da shayi da darduma da fatu da auduga. A shekarar nan kuma an yi babban baje kolin kayan ƙasar duka. Can ya gamu da Sabba Mamontof.

Mamontof attajiri ne mai gina hanyoyin jirgin ƙasa, shi ne ya ja hanya daga wajen Mosko har Arkanjel, bakin tekun arewa. Ribar da ya samu ya kan zuba ta ga masu fasaha. Yana da gona a Abramsebo inda masu zane ke zama wata da watanni suna aiki, ci da sha duk a kansa, kuma ya kafa gidan ofera nasa na kansa, ba ruwansa da baitulmalin sarki. Ya lura da saurayin nan dogo mai cin abinci kamar wanda ya daɗe bai ƙoshi ba, ya jawo shi jiki, ya riƙa zagayawa da shi yana nuna masa zane-zane yana bayyana masa abin da ya sa wannan ya fi wancan. Ƙarshe ya kira shi Mosko, ya ƙara masa albashi ƙwarai, ya taimaka wajen biyan tarar saɓa yarjejeniyar da ke tsakaninsa da gidan sarki. Da sunan lele ya ke kiransa, Fedenka, kamar yadda uba ke kiran ɗansa. Ya kuma sake masa mara: irin tufafin da ya ke so, da irin wasan da ya ke so, duk a yi masa.

Shekara uku ya yi a gidan Mamontof, kuma a nan ne ya zama Shaliyafin da duniya ta sani. Ya fito a siffar Sarki Iban mai ban tsoro, Mosko ta girgiza. Masu zanen da ke kewaye da attajirin, musamman Balantin Serof da Konstantin Korobin, suka zama abokansa, suka koya masa yadda mutum zai sāke kamanninsa da tsayuwarsa har a manta da shi a ga wani. Da zai fito a siffar wani jarumin Assuriya na zamanin dā, sai da aka zauna da hotunan sassaƙen duwatsun mutanen Assuriya, ya koyi yadda su ke miƙa hannu da juya wuya, Serof kuma ya shafe masa damatsa da launi da hannunsa. A gidan nan kuma ya sami mata, wata Ba'italiya mai rawa, Iyola Tornagi, aka ɗaura aure cikin 1898.

To, da sunansa ya yi tashe, shugabannin gidajen wasan sarki suka farga, suka aiko masa da tayin da ya fi na Mamontof. Ya karɓa, ya sa hannu tun watanni kafin ya tashi. Sai ga shi cikin Satumba 1899 an kama Mamontof, bisa zargin ya ɗebi kuɗin kamfanin jirgin ƙasa ya zuba cikin wata masana'anta ba bisa ƙa'ida ba, aka kulle shi a kurkuku. Cikin watan nan kuwa Shaliyafin ya hau dandalin Bolshoi karo na fari, jama'a na tafi kamar rufin zai faɗo. Cikin 1900 shari'a ta wanke attajirin, amma bashi ya riga ya cinye shi, aka yi gwanjon gidansa da kayan da ya tara. Ya koma wata ƙaramar masana'antar tukwane da kwanonin yumɓu a gefen Mosko, ya zauna can. Ba za a ce kamun ne ya sa Shaliyafin ya tashi ba, tun da ya riga ya sa hannu. Amma mutumin da ke kulle ba ya lissafin kwanan wata, abin da ya gani shi ne ɗan da ya rena ya koma gidan masu iko a ranar da ya fi bukatarsa. Korobin ma ya koma can. Tsakaninsu ya yi sanyi, bai ƙara komawa kamar dā ba har Mamontof ya rasu cikin 1918. Daga baya Shaliyafin ya rubuta yabonsa, ya amsa cewa ba don shi ba da bai zama abin da ya zama ba, sai dai wanda a ke yabon ba ya nan balle ya ji.

Rahmaninof

A gidan Mamontof ɗin nan ne ya gamu da Sargai Rahmaninof, sa'ansa ne, su duka haihuwar 1873. Rahmaninof mai tsara kiɗa ne, gwanin fiyano, ya yi karatun kiɗa har matuƙa. A 1897 aka kaɗa wani babban aikinsa na fari a San Fitasbag, abin bai yi kyau ba, 'yan jarida suka yi masa ca, har zuciyarsa ta karye ya kasa rubuta kome. Mamontof ya ɗauke shi mataimakin shugaban makaɗa don ya sami abin yi.

Halinsu ya bambanta ƙwarai. Rahmaninof shiru-shiru ne, fuska a ɗaure, ba ya wasa da lokaci. Shaliyafin kuwa mai surutu ne, mai barkwanci, mai saurin fushi, ba shugaban makaɗan da bai yi rigima da shi ba. Duk da haka waɗanda suka san su sun shaida cewa Rahmaninof kaɗai ya ke jin nauyi cikin sha'anin kiɗa, in ya gyara masa ba ya musu. Shi kuma Rahmaninof, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, in Shaliyafin ya fara ba da labari ya kan yi dariya har hawaye.

Da bazarar 1898 'yan ƙungiyar suka fita wata gona a ƙauye, Rahmaninof ya zaunar da abokinsa kamar almajiri, ya koya masa ƙa'idodin kiɗa, suka bi ofera ɗin Musorgiski mai suna Boris Godunof baƙi da baƙi. Shaliyafin bai tsaya ga nasa rabon ba, sai da ya haddace na kowa, maza da mata. Labarin wani sarkin Rasha ne da a ke zargi ya sa an kashe yaro magajin sarauta, alhakin ya hana shi barci har ya mutu. Don ya san mutumin da zai kwaikwaya, ya tafi wurin Kiliyucebski, babban malamin tarihi da ke hutu kusa da nan, suka yi ta yawo cikin daji malamin yana ba shi labarin zamanin. Cikin Disamba na shekarar ya fito a siffar Boris, kuma wannan ne ya zama tambarinsa har ƙarshen ransa. A ƙauyen nan aka ɗaura aurensa. Da asuba ango da amarya suka farka da wata irin hayaniya a bakin taga, ashe abokai ne ke dukan bokitai da murafun tukwane, Rahmaninof yana tsaye yana ba su hannu kamar a gidan wasa.

Cikin Janairu 1900 su biyu suka ziyarci dattijo Tolstoi, babban marubucin Rasha. Shaliyafin ya rera wata sabuwar waƙa da Rahmaninof ya tsara dominsa. Kowa ya yaba, sai mai gida, wanda ya ja Rahmaninof gefe ya tambaye shi ko akwai mai bukatar irin wannan kiɗa. Tare suka sha kunyar. Da bazara suka zauna tare a wani ƙaramin gari bakin teku a Italiya, Shaliyafin yana shirin fitowarsa a babban gidan La Skala na Milan. Cikin Maris 1901 ya fito can, tare da Karuzo, mawaƙin Italiya, Toskanini yana shugabancin makaɗa, daga ranar nan kuwa ƙofofin Turai suka buɗe masa.

Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Rahmaninof ya tsara ofera biyu yana nufin abokinsa ya rera su, da aka zo nunawa cikin 1906 Shaliyafin bai shiga ba, aka ba wani. Abin ya sosa masa rai, amma bai mai da shi dalilin yanke zumunci ba.

Gorki da ranar durƙuso

Abokin da ya fi shiga zuciyarsa shi ne marubuci Maksim Gorki. Sunansa na yanka Aleksai Feshkof, Gorki laƙabi ne, ma'anarsa mai ɗaci. Ya girme shi da shekara biyar. Abutarsu ta ƙullu cikin 1901 a Nijni Nobgorod. Da suka zauna hira sai suka tarar ashe hanya ɗaya suka biyo: a Kazan sun zauna kusa da juna ba su sani ba, ɗaya yana kwaɓa gurasa, ɗaya yana koyon sana'a yana shan duka, a Tiflis kuma cikin 1892 su duka sun ci abinci a hannun ma'aikatar jirgin ƙasa. Tun daga ranar su ke ɗaukar juna 'yan'uwa.

Gorki mai adawa da mulkin sarki ne, ya sha ɗauri sabo da haka. Ya jawo abokinsa ga taimakon talakawa. Shaliyafin ya yi waƙa aka tara kuɗi don gidan taron jama'a na Nijni Nobgorod, ya rera wa ma'aikata a garuruwa dabam dabam. A shekarar hargitsi ta 1905 ya rera wata tsohuwar waƙar 'yan ƙodago a dandalin Bolshoi, jama'a na amsawa, har hukuma ta fusata. Sabo da haka masu neman sauyi suka ɗauke shi nasu.

Sai ga abin da ya faru cikin Janairu 1911. Ana wasan Boris Godunof a Mariyinski, Sarki Nikolas na Biyu yana zaune. 'Yan amshin gidan suna da koke game da haƙƙinsu, suka shirya a ɓoye su jawo hankalin sarki. Ba zato sai suka zube bisa gwiwoyinsu suna rera taken sarauta. Shaliyafin yana kan dandali, ya rasa hanyar fita, ya ga in ya tsaya shi kaɗai a miƙe zai zama cin fuska, sai ya sa gwiwa ɗaya ƙasa. Ya tafi Turai bai ɗauki abin da nauyi ba. Jaridu kuwa suka baza cewa shi ne ya ja gaba, mutumin da ya rera waƙar 'yan ƙodago ga shi ya durƙusa wa sarki. Wasiƙun zagi suka yi ta zuwa.

A nan hanyar abokansa biyu ta rabu. Serof mutum ne da ba ya lanƙwasa. A 1905 ya ga da idonsa sojoji suna harbin jama'a a titin San Fitasbag, ya ajiye kujerarsa a majalisar masu zane ta sarki don baƙin ciki. Shi ne ya zana babbar surar Shaliyafin da gawayi a shekarar nan. Da ya ji labarin durƙuso sai ya tattara yankakkun jaridu ya aika masa da 'yar gajeruwar takarda ta kunyatarwa, ya yanke hulɗa. Kafin shekarar ta ƙare Serof ya rasu, yana da shekara 46, ba su shirya ba.

Gorki yana gudun hijira a tsibirin Kafri na Italiya. Shi ma ya ji zafi, har ya rubuta masa kakkausar wasiƙa ya nuna gara kada ya zo. Shaliyafin ya zayyana masa yadda abin ya auku, daga baya ya kama hanya ya tafi wurinsa. Gorki ya saurara, ya karɓe shi, sa'an nan ya shiga rubuta wa mutane yana kāre shi, yana nuna cewa kuskure ne na rashin tunani, kuma bai kamata Rasha ta tozarta mutum irin wannan a kan tuntuɓe guda ba. Zumunta a ƙafa ta ke. Cikin 1916 suka keɓe a Foros, bakin teku a Kirimiya, Shaliyafin yana ba da labarin ƙuruciyarsa, ana ɗauka da rubutu, Gorki yana gyarawa yana shiryawa. Aka fara buga shi cikin mujallar Gorki a 1917. Ba wanda ya san wannan littafi na amana shi ne zai zama sanadin rabuwarsu.

Baƙunci da rabuwa

Cikin 1917 aka tumɓuke sarauta, 'yan Bolshebik suka karɓi mulki. Sabuwar hukuma ta girmama Shaliyafin, a 1918 ta ba shi laƙabin Mawaƙin Jama'a, shi ne na fari da aka ba. Amma dukiyarsa ta banki ta tafi, ana shiga gidansa bincike, wani lokaci ladan waƙarsa gari ne da sukari. Rahmaninof ya riga ya fita tun Disamba 1917. Cikin 1922 Shaliyafin ya fita da sunan yawon waƙa, tare da matarsa ta biyu da 'ya'yansu, bai sāke taka ƙasar ba. Ya zauna a Faris, ya sayi gida, yana zagaya Amurka da Ingila da sauran ƙasashe.

An san shi da son kuɗi da tsananin ciniki, ba ya rage farashinsa. Wanda ya kwana da yunwa a Tiflis bai manta ba. Amma kuma shi ne ya buɗe asibitoci biyu na sojojin da suka ji rauni da kuɗinsa a lokacin yaƙin 1914. Cikin 1927 ya ga 'ya'yan Rashawa 'yan gudun hijira cikin tsumma a Faris, ya ba wani limamin majami'arsu faran 5,000 a raba musu. Jaridun Mosko suka mai da sadakar nan laifi, suka ce maƙiyan hukuma ya ke ciyarwa. Cikin Agusta na shekarar aka tuɓe masa laƙabinsa.

Gorki a lokacin yana zaune a Italiya, amma zuciyarsa ta karkata ga sabuwar hukuma. Cikin 1929 suka gamu a birnin Rum, Gorki ya matsa masa ya koma gida. Shaliyafin ya ƙi, don ya ɗanɗana zaman ya san ba zai iya ba. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Ana nan sai Shaliyafin ya ji an buga littafin ƙuruciyarsa a Rasha ana sayarwa ba da izninsa ba. Cikin 1930 ya kai ƙarar wakilan cinikin Sobiyet a kotun Faris yana neman diyya. Gorki ya harzuƙa, ya rubuta masa cewa galibin littafin da alƙalaminsa aka rubuta shi, bai kuwa nemi ko anini ba, ya kira ƙarar abin kunya, ya zarge shi da kwaɗayi. Cikin 1932 Shaliyafin ya fitar da littafi na biyu, inda ya faɗi abin da ya gani na mulkin Bolshebik ba ɓoye-ɓoye. Daga nan wasiƙa ta yanke. Gorki ya koma Mosko aka ɗaukaka shi, har aka sa wa Nijni Nobgorod sunansa, garin da abutarsu ta fara.

Cikin Yuni 1936 Shaliyafin yana cikin jirgin ruwa ya sami labarin rasuwar Gorki. Ya zauna ya rubuta ta'aziyya mai taushi, ya tuna zamansu na dā da ranar da ya karɓe shi a Kafri, bai rama ko ɗaya daga maganganun da aka jefe shi da su ba.

Ƙarshensa

A Faris akwai sauran tsofaffin abokai. Korobin, wanda ya zana masa fasalin gidan gonarsa a Rasha, su kan je kamun kifi tare, shi ma yana can cikin baƙunci da ƙuncin hannu. Su kan haɗu su yi ta tuna kogunan gida. Rahmaninof kuwa, ko da ya ke yawon kaɗa fiyano ya kan raba su, duk sa'ad da hanya ta haɗa su sai hira ta koma kamar ta 1898.

Shaliyafin ya yi doguwar tafiya zuwa Sin da Japan cikin 1936, ya komo jiki ya fara gazawa. Likitoci suka tarar ciwon daji ne na jini. Da Rahmaninof ya iso Faris ya ji halin da a ke ciki, sai ya riƙa zuwa gidan kullum yana zama bakin gadonsa, mutumin da a dā a ke ba dariya ya koma shi ke neman abin da zai sa majinyaci murmushi. Ganinsu na ƙarshe kwana biyu ne kafin rasuwar. Shaliyafin ya rasu ran 12 ga Afrilu, 1938, yana da shekara 65. Aka bi da gawarsa ta ƙofar babban gidan ofera na Faris, 'yan amshi suka yi masa ban kwana, aka binne shi a maƙabartar Batinyol. Korobin ya bi shi cikin 1939, bayan ya rubuta littafin zamansu. Rahmaninof ya rasu a Amurka cikin 1943.

Mai lura zai ga inda kowace igiya ta tsinke. Ta Mamontof, ciniki ne ya shiga tsakani, aka yi tayi mafi tsoka a lokacin da bai dace ba. Ta Serof, hukunci aka yanke ba a ji ta bakin mai laifi ba, mutuwa kuma ba ta jira a yi sulhu ba. Ta Gorki ta jure wa abin kunya na 1911 sabo da ɗaya ya taka ya je, ɗaya ya saurara. Amma da aka koma aike da takarda daga nesa, ga hukuma a gefe guda ga kuɗin littafi a gefe guda, shekara talatin ta zumunci ba ta iya riƙe ta ba. Wadda ta kai har bakin kabari ita ce ta Rahmaninof, wanda ba bashi tsakaninsu, ba ya nemansa da shiga wata ƙungiya, kuma tun farko ya saba gaya masa kuskurensa a fuska.

Cikin 1984, da yardar 'ya'yansa, aka tono ƙasusuwansa daga Faris aka kai Mosko, aka binne a maƙabartar Nobodebici inda manyan ƙasar ke kwance. Cikin 1991 hukumar Rasha ta soke hukuncin 1927, ta mayar masa da laƙabinsa, shekara 53 bayan rasuwarsa.